Inuwa Biyu a Gefen Birnin Kano

Duk mutumin da ya taso daga ƙasar Gaya ya nufi Kano a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, idan ya haye gadar Wudil ya miƙe hanya, da wuya ya iya nuna wurin da ƙauye ya ƙare birni ya soma, domin kuwa gonakin gero da dawa da gyaɗa ne ke raka shi dama da hauni, ɗorawa da tsamiya da gawo na tsaye a cikinsu yadda ya baro su a gida, har ya iso Mariri, ya shiga Hotoro, bai ga abin da zai shaida masa ya kusanci gari mafi girma a ƙasar Hausa ba, in banda yawan jakuna da kekuna a gefen kwalta. Waɗannan wurare, su da Kawo da Giginyu da Tarauni, a lokacin nan ƙauyuka ne masu rumbuna da turakun awaki, alhali kuwa mutum na iya kwana cikinsu, ya sallaci asuba, ya hau kekensa, ya riski aikinsa a Bompai kafin a buga ƙararrawa. A irinsu ne da yawa daga cikinmu mutanen Gafasa ta ƙasar Ajingi muka fara sauka sa'ad da neman abinci ya kawo mu birni, kuma zaman da aka yi a cikinsu nake nufin in waiwaya.

Ba mu muka fara wannan tafiya ba. Masu riwayar tarihin birnin sun ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana biɗar tama, ya yada zango a gindin Dala, kuma zuriyar maƙeran nan su ake kira Abagayawa; ke nan tun can azal mutanen gabas ke kai wa birni ƙarfinsu da sana'arsu. Shaihin malami Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1406, ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa zaman karkara shi ne asali, zaman birni daga gare shi ya tsiro, Kano kuwa ta gaskata shi, tun da ita kanta badala ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Yayin da Bature matafiyi Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta kimanin 30,000, ya kuma tarar babban rabo na filin da ke cikin ganuwa gonaki ne da makiyaya, wanda hikimarsa ita ce in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta riga mashi cinsa. Cuɗanyar gona da gida daɗaɗɗen hali ne na Kano. Abin da zamani ya yi shi ne ya tura ta bayan ganuwa, yana ƙara tura ta shekara da shekaru.

Sai dai inuwar gefen birnin iri biyu ce, wanda bai rarrabe tsakaninsu ba kuwa ba zai gane wadda aka yi hasara ba. Ta farko Turawa ne suka dasa ta. Bayan sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903 ba su daɗe cikin gari ba, suka fita gabas suka zauna a Nasarawa da Bompai. Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin 1909, jirgin ƙasa ya iso a 1911, 'yan kasuwarsu suka biyo baya, sa'an nan dokar garuruwa ta 1917, a zamanin Gwamna Lugga, ta wajabta a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa, bisa hujjar wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi ya kai musu. Ba a yarda baƙin mutum ya zauna a unguwar ba sai in kuku ne ko boyi. Kowane gida aka yanka masa filin da a Gafasa gona ce sukutum, aka jera maɗaci da mangwaro da darbejiya a bakin hanyoyi, ita darbejiya kuwa baƙuwa ce daga ƙasar Hindu, amma ta karɓi ƙasarmu har yaran yanzu na zaton tare aka halicce su. Da mulki ya komo hannun 'yan ƙasa a 1960, aka kuma ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, manyan ma'aikata da attajirai suka gaji gidajen da itatuwansu. Ba na musun kyawun wurin, domin wanda ya bi ta nan da tsakar ranar bazara ya san ni'imar da Allah ya sanya a ganye. Illa iyaka inuwa ce da aka dasa don a raba mutane, shi ya sa ko a lokacin da ta fi yalwa ba ka ganin kowa ƙarƙashinta sai mai gadi da butarsa.

Ta biyun ita ce tamu, ba kuwa wanda ya dasa ta don ado. Kowace bishiya da ke tsaye a gonakin Hotoro da Mariri aikinta ne ya tsayar da ita. Ɗorawa, in ta nuna da bazara, a sha garinta, a dafa kalwarta a yi daddawa, ɓawonta kuma a jiƙa a yi makubar shafe soro da daɓe. Kuka ta ba da miya da igiya. Tsamiya ta ba da kunun buɗa baki. Giginya ta ba da azarar rufi da muruci, goriba ta ba da kabar tabarma, rimi ya ba da audugar matashi, bagaruwa ta tafi wurin majema, aduwa ta zama allon almajiri. Gawo kuwa, wanda manoma suka fi girmamawa, Allah ya saɓa ɗabi'arsa da ta sauran itatuwa: yana kaɗe ganyensa da damina, ta yadda ba ya tare wa gero rana, ya kuma yi sabon ganye da rani, lokacin da dabbobi ke matuƙar bukatar inuwa da abin ci, su kwanta a gindinsa su bar masa taki, har ya zama ko daga nesa kana iya gane hatsin gindin gawo da duhun ganyensa. Mutumin Gafasa da ya sauka a nan bai bukaci a koya masa komai daga wannan ba, abin da ya tashi a ciki ne. Bambancin kawai shi ne a nan kasuwar birni na kusa, komai ya fi daraja.

Akwai kuma wata mu'amala tsakanin birni da waɗannan ƙauyuka wadda yau ta gushe ɗungurungum, ita ce ta jaki da mangala. Da rani za ka ga ayarin jakuna sun nufi ƙofofin gari da sassafe, ɗauke da itacen girki da kara da harawa, kafin azahar sun juyo da mangaloli cike da takin birni, watau toka da shara da kashin awaki, ana jibge shi tuli-tuli a gonaki har damina ta faɗi. Da wannan ne ake nome gona guda shekara bayan shekara ba a bar ta ta huta ba, ba ta kuwa gaji ba. Wani masanin labarin ƙasa mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kana ya dawo ta Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, shi da abokan aikinsa kuma suka tarar da abin da ya saɓa wa zaton masana na lokacin: duk da yawan jama'a da yawan bukatar itacen wuta, itatuwan gonakin kusa da birni ba ƙarewa suke yi ba, domin manomi reshe yake sara, ba ya taɓa gindi. Dattawan Hotoro da an tambaye su da sun faɗi haka kyauta, amma dai madalla da aka rubuta.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne hukuncin mallaka. Kowace bishiya tana da mai ita, har ma yakan yiwu gona ta wani ce, ɗorawar da ke cikinta ta wani ce daban, ana gadonta, ana jinginar da ita, 'yan'uwa mata na zuwa daga gidajen aurensu su karɓi rabonsu na kalwa. 'Ya'yan itace na mai shi ne, ba ka tsinka sai da izini. Amma inuwa ta kowa ce, ban taɓa jin wanda ya hana ta ba. Gindin tsamiya guda shi ne makarantar allo da hantsi, shi ne shagon wanzami da na mai ɗinkin hula, shi ne majalisar mai unguwa in za a yi sulhu tsakanin manomi da makiyayi, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki. Baƙo irina, wanda ya kama hayar ɗaki a gidan manomi, ba ya bukatar wasiƙa ko ɗan jagora kafin ya shiga cikin jama'a. Ya isa ya yi sallama ya zauna a bakin tabarma, kafin wata ya zagayo an san sunan mahaifinsa da garinsu, ranar da bai fito ba kuma a aika yaro ya dubo ko lafiya. Malamai kan tunatar da mu abin da ya inganta a hadisi, cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka, mu kuwa muna jin wa'azin muna zaune a cikin sadakar wani bawan Allah da ba mu ma san kabarinsa ba.

Kada mai karatu ya zaci aljanna nake siffantawa. Sauro ya yi mana yawa, kududdufai na kewaye da mu, hanya in an yi ruwa sai a saɓa keke a kafaɗa, mace mai naƙuda in abu ya tsananta sai a nemi motar da za ta kai ta asibitin birni cikin dare, wani lokaci a samu, wani lokaci Allah ya yi ikonsa. Wanda ya ga waɗannan ba zai zagi famfo da lantarki da kwalta ba.

Sauyin bai zo ta ƙofa guda ba. Farin 1973 ya koro mutane daga karkara da yawa, kuɗin man fetur da ƙarin albashi na Udoji suka sa ƙaramin ma'aikaci ya fara tunanin gidan kansa, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka riƙa ɗaukar leburori. Sa'an nan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, in kuwa hukuma ta karɓi gona don tsara unguwa, abin da ke bisa ƙasar take biyan diyyarsa, ba ita ƙasar ba. Sai ya zama ana zuwa da takarda a ƙirga itatuwa, a yi wa kowanne kuɗi, a biya sau ɗaya, a kawo katafila. Manomi da ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa ba ya jira a zo kansa, gara ya kira dillali ya riga hukuma, a auna gonar da igiya a yanka ta fuloti-fuloti, wannan shi ne awon igiya da ya haifi mafi yawan unguwannin da muke ciki yau, masu lungunan da mota biyu ba sa giftawa, ba filin makaranta, ba magudanar ruwa. Fulotin da tsawonsa da faɗinsa ƙafa hamsin-hamsin ne, rassan tsohuwar ɗorawa kaɗai sun kusa rufe shi, to wa zai ba da kuɗinsa ya bar ta? A daidai wannan zamani kuma aikin itatuwan ya ragu a cikin gida: kwano ya kori azara, siminti ya kori makuba, ɗunƙulen kanti ya rage wa daddawa kasuwa, takin zamani da leda a cikin shara suka kashe sana'ar mangala. Bishiyar da aka daina jiran 'ya'yanta, sai a fara duban gindinta.

Na tuna ranar da aka sare babbar ɗorawar da ke bayan gidan da nake haya. Na tarar da maigidan, dattijo ne da nake kira Baba, yana zaune a kan dakali yana kallon masu gatari, na ce, "Baba, har da wannan?" Ya ce, "Ɗana, ai ba ni na sayar da ita ba, gado ne ya sayar. Mu tara mahaifinmu ya bari, kowa da bukatarsa. Gona in an raba ta tara ba ta ciyar da kowa, amma fuloti yana aurar da 'ya." Ban sami abin da zan ce masa ba, domin lissafinsa daidai ne, kuma shari'a ba ta hana magaji sayar da rabonsa ba.

Amma fa shari'ar nan tana da wata magana da masu gini ba su waiwaya ba. Alƙalan ƙasar nan sun daɗe suna hukunci da Tuhufa ta Ibnu Asim, malamin Andalus, a cikinta kuwa akwai fasali sukutum a kan cutarwar da itatuwa ke yi wa maƙwabta. Abin da ya ƙunsa shi ne, idan katanga ce ta riga, bishiya ta tsiro daga baya, to a sare duk abin da ke cutar da katangar. Idan kuwa bishiya ce ta riga, mai gini ya zo ya same ta, to zance mafi shahara a mazhaba shi ne a bar ta ko da tana cutarwa, tun da ya gan ta kafin ya aza tubalinsa. A gefen Kano kusan ko'ina bishiya ce ta riga katanga, kusan ko'ina kuma ita aka hukunta. Shaidar da ta rage mana sai sunaye: yaro ya tashi a Kurna ko Ɗorayi ko Tsamiyar Boka, yana faɗa wa mai a-daidaita-sahu inda zai sauka, bai taɓa tambayar ina itatuwan suke ba.

Ƙidayar 1952 ta sami kimanin mutum 130,000 a Kano. Ta 2006 ta sami fiye da miliyan 2 da dubu 800 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, yau kuwa Allah kaɗai ya san adadi. Hotoro ta zama tsakiyar gari, da ma'ajiyar mai da gadar sama da cunkoso, Mariri ta zama kasuwar goro da zangon manyan motoci. Zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yanzu bulo da kwano ke adana shi su sako wa mutane cikin dare. An cike kududdufai an yi gini, ruwan sama ya rasa masauki sai ɗakunan talakawa. Majalisa ta koma ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar shago, inda mai zama ke jin kunyar daɗewa in bai sayi komai ba. Ita ma unguwar Turawa ba ta tsira ba, gidan da ke da fili ana yanka shi uku ko huɗu, ana gina otal da rukunin shaguna a gurbin mangwaro, sai dai ita mutuwarta a hankali take tafiya, gwargwadon ƙarfin masu ita.

Gafasa fa? Har yanzu in ka ratse daga Gaya ka shiga ƙasar Ajingi za ka ga gawo da kuka da tsamiya a gonaki, har yanzu ana zaman gindin bishiya, kuma duk sa'ad da na je gida nakan ji kamar an mayar mini da Hotoron da na sani. Amma hannun birni dogo ne. Da jaki ke kai itace, iyakarsa tafiyar wuni. Yanzu mota ce, ba ta da iyaka. Duk lokacin da kananzir ko iskar gas suka yi tsada a Kano, masu gawayi da masu itacen gidan burodi kan ɓullo a ƙauyukan gabas, su taya bishiya tana tsaye, mai ita kuwa in yana da marar lafiya a asibiti ko bashin taki a wuyansa, ba na ganin laifinsa in ya sallama. Samarin da ya kamata su kula da tsiron da ke tasowa suna birni suna tuƙi da dako, wasu ci-rani ne, wasu sun zarce. Itacen Gafasa ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha ta.

Hukuma ba ta yi shiru ba, kusan kowace damina ana bikin dashen itatuwa, a raba dashe dubbai, a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun cinye mafi yawansu, saboda ba a ce ga mai su ba, ba a kuma ce ga wanda zai ci amfaninsu ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun bi wata hanya. Bayan farin 1984 manomansu, da taimakon wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka soma barin tohon kututturan da ke gonakinsu, su zaɓi masu ƙarfi su gyara su, su sare sauran, abin da suke kira sassaben zamani. Da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya yaɗu daga gari zuwa gari, har masu bincike suka ƙiyasta ya game kadada miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Ba su sayi dashe ba, ba su yi ban ruwa ba, kuma ruwan samansu bai kai namu ba.

A bara wani ɗan ƙanwata daga Gafasa, wanda ya yi shekaru yana aiki a birni, ya zo mini da shawara, ya ce, "Kawu, ina son in sayi fili inda akwai iska da itatuwa, amma ba nesa da aiki ba, ina ka gani?" Na ce masa irin wurin nan yana nan, sai dai ya matsa, ya bi hanyar Haɗeja wajen Jogana, ko hanyar Wudil bayan Mariri, zai ga gonaki da ɗorayi da rumbuna, zai kuma ga turakun dillalai an riga an kafa a tsakanin kunyoyi. Na ce in yana da hali ya sayi fuloti biyu ya gina ɗaya. Ya yi dariya, ya faɗa mini farashin guda, na yi shiru. Daga bisani ya sayi guda ɗin, aka yi dace akwai wata tsamiya daidai kan iyakarsa da maƙwabcinsa, na ba shi labarin hukuncin Tuhufa, ya je ya samu mai unguwa, aka kira maƙwabcin da shaidu biyu, aka rubuta a takardar ciniki cewa kowa zai janye katangarsa a bar ta tsaye, 'ya'yanta kuma a raba biyu. Maƙwabcin ya sa hannu, bisa sharaɗin cewa ranar da ya tashi gina shago a bakin hanya za a sake zama.